Ceto: Bashi Ne Ko Kyauta?

Jama'a, akwai waɗansu kalmomi da baki ya saba da su har ya daina jin nauyinsu, kamar yadda mai tallan ruwa kan manta da gammon da ke bisa kansa. Ɗaya daga cikinsu ita ce kalmar nan ceto. Da wuya a yini a kwana ba mu ji ta ba. Ɗan makaranta in malam ya tsare shi da tambayar lissafi, aka buga ƙararrawa kafin ya buɗe baki, sai ya fito yana murna, yana cewa ƙararrawa ta cece shi. Mai tallan ƙosai in hadari ya taso, wani ya zo ya saye sauran duka, sai ta ce Allah ya kawo mata mai ceto. Yaro in ya yi ɓarna, uba ya ɗauko tsumagiya, sai ya ruga bayan kakarsa, ita kuwa ta ce, "Na cece shi, a bar mini shi yau." Wannan duka ceto ne na yau da kullum, rabinsa wasa. Amma ran da aka ji kururuwa daga bakin kududdufi, aka ce yaro ya nutse, ran nan kalmar kan koma ainihin nauyinta, kowa ya san maganar rai ake yi.

To, a kan wannan ceto na biyu muke so mu yi magana yau, musamman da ku 'yan makaranta, ko kuna ta gwamnati ko ta mishan. Tambayarmu guda ce tak. In mutum ya ga ɗan'uwansa cikin haɗari, ceton da zai yi masa kyauta ce, wadda in ya ga dama ya yi, in bai ga dama ba ya bari? Ko kuwa bashi ne a wuyansa, wanda tilas ya biya? Kada ku yi gaugawar amsawa. Mu fara duban kalmar kanta tukuna, gama sau da yawa hikimar mutanen dā tana ɓoye cikin ƙirar maganarsu.

Ƙirar Kalmar

Ku da kuke koyon nahawu kun san tushenta ceta ne. In sunan wanda aka yi wa ya biyo baya, mukan ce ya ceci yaro. In wakilin suna ne, mukan ce ya cece shi. Haka sata take juyawa, ya saci akuya, ya sace ta. Akwai kuma wani juyi wanda ya fi waɗannan koya mana abu, shi ne inda muke cewa ya ceto shi daga rijiya. Wannan wasalin na ƙarshe shi ne na sayo da ɗauko da jawo, wato aikin da aka yi can aka kawo nan. Ashe a bakin Bahaushe ba a gama aiki don an raba mutum da haɗari kurum, sai an jawo shi zuwa inda mutane suke. Wanda ya fid da yaro daga ruwa, ya yashe shi bakin gaɓa cikin sanyi ya yi tafiyarsa, rabin aiki ya yi.

Kalmar tana da 'yan'uwa da dama, kowace da nata gida. Taimako shi ne babbansu wajen faɗi. Ka taya tsohuwa ɗaukar itace, ka ara wa abokinka alƙalami, duk taimako ne, ba kuwa wanda zai mutu in ba ka yi ba. Agaji da ɗauki da gudummawa su ne rugawar da akan yi zuwa wurin da masifa ta auku, wataƙila a dace, wataƙila a tarar aikin gama ya gama. Tsira da kuɓuta kuwa labarin wanda ya fita ne, yana yiwuwa ma da ƙafarsa ya fita, shi ya sa akan ce ya sha da ƙyar. Fansa ita ce fid da mutum da dukiya, kamar yadda aka riƙa yi wa bayi a zamanin bauta, kamar kuma yadda iyalai ke tara kuɗi domin karɓo nasu daga hannun masu satar mutane.

Shi ceto a kan duwatsu uku yake zaune, kamar tukunya bisa murhu. Na fari, haɗari ya ƙarato, ba sauran jinkiri. Na biyu, wanda ke ciki ya kasa fid da kansa. Na uku, akwai wani kusa wanda ke da ikon yin wani abu. In aka janye dutse ɗaya tukunya ta kife, sai a nemi wata kalma. Gaskiya ne akan ce gudun ceton rai, kamar mutum shi kaɗai ya ceci kansa, amma ko a nan an raba shi biyu ne, ƙafa ta zama mai ceto, rai ya zama abin ceto. Saboda nauyin nan nata ne malaman addini, da suka nemi kalmar da za ta ɗauki maganar Lahira, suka zaɓe ta. Musulmi suna cewa ceto ga abin da Larabawa ke kira shafa'a, Kirista kuwa suna cewa Mai Ceto. Wannan fage na malamai ne, mun bar musu. Namu shi ne ceton duniya, na bakin rijiya da na bakin hanya.

Bashi Ko Kyauta

Mece ce kyauta? Abin da in ka yi a gode maka, in ba ka yi ba babu mai zarginka. Mene ne bashi? Abin da in ka biya ka sauke kaya, in ka ƙi kuwa ka ci haƙƙi. To, a wane kwando za mu sa ceto?

Masu shari'a na ƙasashen Turai ma ba su yi baki ɗaya ba. A dokar Faransa, wanda ya ga mutum cikin haɗari, alhali yana da ikon agazawa ba tare da wani abu ya same shi ba, ya ƙi, laifi ya yi, ana iya ɗaure shi. A dokar Ingila kuwa, in ba ɗanka ba ne, ba kuma wanda aka danƙa maka amanarsa ba, kana iya tsayawa kana kallo har ya nutse, alƙali ba shi da abin da zai kama ka da shi. Wato ɗaya ta sa shi cikin kwandon bashi, ɗaya ta bar shi cikin na kyauta.

Mu kam ga namu ma'auni, kowa na iya gwadawa a garinsu. A ce wani mutum yana tsaye bakin rijiya da igiya a kafaɗa, yaro ya faɗa yana ihu, mutumin ya dube shi ya wuce. Me mutanen gari za su ce? Akwai wanda zai ce, ai kyauta ce bai yi ba, ganin damarsa ne? Ko kusa. Za a kira shi marar imani, mata su hana 'ya'yansu zuwa ƙofar gidansa, har jikokinsa a riƙa nuna su da baki. Shi kansa kuma, in akwai sauran zuciya a ƙirjinsa, barci ya ƙaurace masa. Ba a taɓa jin wanda ya kwana ido biyu don bai yi wa wani kyautar riga ba. Abin da ke hana barci haƙƙi ne. Saboda haka muka ce ceto bashi ne.

Wani zai ce, to, yaushe na ci bashin, a hannun wa? Sai mu ce masa, tun kana cikin tsumma. Babu ɗayanmu da ya kai ga karanta wannan takarda sai da aka cece shi sau da yawa, bai sani ba. Akwai ungozomar da ta karɓe ka. Akwai wadda ta fizge ka sa'ad da kake rarrafe za ka dafa garwashi. Akwai wanda ya ɗauke ka daga gaban doki ko mota, da wadda ta goya ka da tsakar dare zuwa asibiti ran da zazzaɓi ya sa ka shiɗe. Waɗansunsu sun rasu, waɗansu ko sunansu ba ka ji ba. Ba ka da hanyar mayar musu. Iyakar wurin da za ka biya shi ne ga wanda ka tarar cikin irin halin da aka tarar da kai.

Amma fa bashin nan gwargwadon iko ne. Wanda bai iya iyo ba, ba a binsa bashin faɗawa kogi. Ana dai binsa bashin ihu, da jefa igiya, da gudu ya kira wanda ya iya. Mutum ya sa ransa a bakin mutuwa domin ran wani, wannan ya wuce bashi, nan ne kyauta ta fara, ita ce kuwa mafi girman kyauta. Ba mu zargin wanda ya kasa kaiwa can. Muna zargin wanda ya kasa biyan ɗan abin da ke hannunsa.

Akwai karin maganar da ragwaye ke fakewa da ita, wai in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Masu hikima sun faɗe ta ne domin a ɗauki darasi daga abin da ya sami wani. Ba su ce ka tsaya kana shafe-shafe ɗan'uwanka na ƙonewa ba. Ga ruwa a hannunka, ai gemun da ke ci shi ya fi bukata.

Abubuwa Uku Masu Riƙe Hannu

In kowa ya yarda bashi ne, me ya sa ake yawan cinye shi? Mun duba, mun ga ba kullum mugunta ce ba. Abubuwa uku ne suka fi riƙe hannun mutanen kirki.

Na fari shi ne taron jama'a. Kuna tsammani in mutane sun yi yawa ceto zai fi sauri, ashe sau da yawa akasin haka ne. A 1968 waɗansu masana biyu a Amurka, John Darley da Bibb Latané, suka gwada abin. Suka sa ɗalibai a ɗakuna dabam-dabam suna magana ta na'ura, can sai aka ji kamar farfaɗiya ta kama ɗaya, yana neman agaji. Cikin waɗanda suka zaci su kaɗai ke jinsa, 85 bisa 100 suka fito neman taimako. Cikin waɗanda suka zaci akwai mutum huɗu da ke ji tare da su, 31 bisa 100 kaɗai suka fito. Kowa ya ce a ransa wani zai yi. Haka yake a bakin hanyoyinmu in mota ta kaɗe mutum, a kewaye shi ana salati ana sannu, waɗansu ma suna ɗaukar hoto da waya, jini na zuba. Maganin wannan mai sauƙi ne. In kai ne cikin taron, ɗauka kai kaɗai ne a wurin. In kuwa kana bukatar hannu, kada ka ce jama'a ku taimaka, nuna mutum guda ka ce, "Kai mai jar hula, kawo igiya! Ke mai tulu, kira likita!" Wanda aka nuna da yatsa ba shi da wanda zai jingina wa.

Na biyu shi ne tsoron shaida. Mutane da yawa sun ji labarin wanda ya ɗauki mai rauni zuwa asibiti, aka tsare shi da tambayoyi kamar shi ya yi aika-aikar, ko aka ce ba za a taɓa majinyaci ba sai da takardar 'yan sanda. Tsoron nan ba na banza ba ne, ya kuwa ci rayuka. Amma ya kamata ku da kuka yi karatu ku san abin da doka ta ce. Dokar lafiya ta Nijeriya ta 2014 ta hana ma'aikacin lafiya ƙin duba wanda ke cikin halin gaugawa, ko da wane dalili. Wata doka ta 2017 kuma ta wajabta wa kowane asibiti karɓar wanda aka harba da bindiga, da takardar 'yan sanda ko babu, ta kuma ce a girmama wanda ya kawo shi, kada a wahalshe shi da tambayoyin da ba su da dalili. Doka a takarda ba ta tafiya da ƙafarta, sai an sami wanda ya san ta ya tsaya ya faɗe ta cikin ladabi. Wannan ma aikinku ne.

Na uku shi ne mafi muni, wato a ce ai ba namu ba ne. Ba ɗan garinmu ba ne, ba yarenmu ɗaya ba, ba addininmu ɗaya ba. Ku koma ga duwatsun murhun nan uku, ku duba ko akwai na huɗu mai tambayar asali. Babu. Ruwa ba ya tambayar sunan wanda zai ci, don me mai igiya zai tambaya? Ran 23 ga Yuni, 2018, mahara suka afka wa ƙauyuka a ƙasar Barikin Ladi ta Jihar Filato. Mutane suka gudo zuwa Nghar Yelwa, yawancinsu Kirista. Limamin wurin, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83 a lokacin, ya shigar da mata gidansa, maza kuwa masallaci, mutum 262 bisa ga lissafin da aka bayar. Da maharan suka zo suka nemi ya fito da su, ya tsaya a waje ya ƙi, yana roƙonsu, har ya miƙa ransa a madadin nasu. Suka tafi suka bar su. A 2019 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girma saboda wannan. Ku lura, tsoho ne, ba shi da bindiga, ba shi da ƙarfin kokawa. Abin da ke hannunsa ƙofa ce da baki. Buɗe ƙofar shi ne bashin, tsayawa gaban bindiga kuwa ita ce kyautar da ya ɗora a kai.

Ceto Yana Bukatar Sani

Niyya ita kaɗai ba ta fid da kowa daga rami. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, sun kuma ce garin neman gira a rasa ido. Sau nawa aka ji mutum ya faɗa tsohuwar rijiya, ɗan'uwansa ya bi shi, na uku ya bi na biyu, aka fito da gawa uku? Akan ce aljanu ne. Dalilin kuwa shi ne, a ƙasan rijiya mai zurfi wadda aka daɗe ba a buɗe ba, iskar da muke shaƙa takan ƙaranta, wata iska mai nauyi ta kwanta a wurin, wanda ya shiga sai ya suma kafin ya ankara. Shi ya sa masu haƙar rijiya kan zura fitila tukuna, in ta mutu sun san ba wurin shiga ba ne. Kada kowa ya sauka sai da igiya a ƙugu da ƙarfafa riƙe da ita a sama, a kuma aika a kira 'yan kwana-kwana in akwai su kusa.

Haka ruwa. An ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. To, wanda zai kama takobi, wuyanka zai bari? Saboda haka a fara miƙa masa gwangwala ko rawani, ko a jefa masa gora ko jarkar da ba kome ciki a toshe. Shiga ruwa shi ne na ƙarshe, na gwanaye ne kuma. In an fito da shi ba ya numfashi, kowane minti tsada gare shi, gama ƙwaƙwalwa in ta rasa iska minti 4 zuwa 6 takan fara lalacewa. Ku roƙi malamanku su samo wanda zai koya muku yadda ake hura wa mutum numfashi da danna ƙirji. Wanda rigarsa ta kama wuta kada a bar shi ya yi gudu, a kayar da shi a lulluɓe shi da bargo, a mirgina shi a ƙasa. Wanda wayar lantarki ta kama kada a taɓa shi da hannu, a kashe wutar, ko a ture wayar da busasshen itace. Jaririn da gudawa ke neman ƙarar da ruwan jikinsa, a auna lita 1 ta ruwa mai tsabta, a zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokali, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har a kai shi asibiti. Kun ga wannan kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma ya tsare rayukan yara masu ɗimbin yawa a duniya. Ashe da kuka shiga makaranta bashinku ƙaruwa ya yi, domin abin da ke hannunku ya fi na wanda bai sani ba.

Ceton Da Ba A Gani

Akwai kuma ceton da ake yi tun kafin a yi ihu, shi ne wanda aka ce rigakafi ya fi magani. A watan Yuli na 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya sauka Ikko, wato Legas, ɗauke da cutar Ebola. Likitar da ta duba shi, Dokta Ameyo Stella Adadevoh, ta ƙi sallamarsa ko da yake an matsa mata lamba ƙwarai, domin ta san abin da zai auku in ya shiga cikin jama'ar babban birni irin wannan. Ita kanta ta kamu, ta rasu ran 19 ga Agusta. Mutum 20 suka kamu a Nijeriya duka, 8 suka mutu, ran 20 ga Oktoba aka shaida ƙasar ta rabu da cutar. Su wa ta ceta? Ba mai iya nuna su. Suna nan suna cin kasuwarsu, ba su san an taɓa tsaya musu ba.

Kakanninku sun san agana, sun san fuskokin da ta zane da idanun da ta makantar. Masu lamba suka bi ƙauye-ƙauye, sau da yawa ana gudunsu ana ɓoye yara a rumbu, har a 1980 aka shaida cutar ta ƙare a duniya. Kurkunu ma, a ƙidayar 1988 zuwa 1989 an sami mutum fiye da 650,000 da ke fama da shi a Nijeriya, da yawansu manoma ne da ya kwantar a tsakiyar damina. Da tace ruwa da ƙyalle, da gina rijiyoyi masu kyau, da hana mai ciwon shiga tafki, a 2013 aka shaida ƙasar ta rabu da shi. Ba a yi wa masu wannan aiki kirari ba. In ka rufe bakin rijiyar unguwarku, ko ka kawar da fasasshiyar kwalba daga hanya, kai ma ka shiga sahunsu, ba kuwa wanda zai gode maka, domin yaron da zai faɗa bai faɗa ba.

Bayan An Fito

Saura magana guda. In an ceci mutum, me ake binsa? Kun san tatsuniyar kura da biri. Kura ta faɗa rijiya, biri ya zura mata wutsiya ta kama ta fito, da fitowarta sai ta ce yunwa take ji, shi za ta ci. Dila da aka kai wa shari'a ya ce bai gane ba sai an sāke yadda aka yi, kura ta koma rijiya, aka bar ta can. Darasin a fili yake, butulci abin ƙyama ne, wanda aka ceta ya gode, ya riƙe alherin har ya mutu.

Amma akwai wata cuta ta wajen mai ceton, wadda ba a cika ba da tatsuniyarta ba, ita ce gori. Wani in ya fid da kai daga wahala sau ɗaya, ya saye ka ke nan har abada. Kowace safiya sai ya tuna maka, a gaban mutane sai ya ce ba don ni ba da yanzu an manta da kai. In ya faɗi ƙarya ka gaskata, in ya nemi 'yarka ka bayar, in ya tsaya zaɓe ka bi. Wannan ya fid da kai daga rijiya ne ya sa ka a turu. To, a nan ne amsarmu ta fari take da amfani. In ceto bashi ne da mai ceto ya biya, ina kuma ya sami wani bashin da zai bi? Wanda ya mayar da kuɗin da ya ranta ba ya tsayawa a yi masa guɗa. Godiya daga bakin wanda aka ceta take fitowa da son ransa, in aka ƙwace ta da ƙarfi ta zama haraji.

Mafi sharri kuma shi ne mai ceton ƙarya. Shi ne wanda kan saye hatsi da kaka ya kulle, ya jira tsakiyar damina rumbuna su ƙare, sa'an nan ya ba talaka dami ɗaya a kan ya biya biyu, yana cewa ya ceci gari daga yunwa. Da dare ya tura ka rijiya, da safe ya zo da igiya yana neman lada. In kun girma kun riƙe ayyuka za ku gamu da irinsa cikin riguna iri-iri. Ga yadda za ku gane shi. Ku dubi wanda aka ce an ceta bayan shekara guda. In yana tsaye da ƙafarsa yana harkarsa, ceto aka yi. In kuwa yana durƙushe a ƙofar mai ceton, ciniki aka yi.

To, samari da 'yan mata, ga abin da muke so ku tafi da shi. Ran da kuka ji ihu, kada ku waiwaya ku ga ko wani zai tashi, kada ku tambayi ɗan gidan wane ne. Ku dubi abin da ke hannunku, igiya ce, murya ce, ƙafa ce, ko sanin da kuka samo a aji, ku biya da shi nan take, gama ihu bayan hari ba ya ta da matacce. In Allah ya sa an dace, ku kai mutumin inda zai sami kulawa, ku karkaɗe rigarku ku koma makaranta, ku bar shi shi ya ba da labari in ya so. Muna kuma so malamai su sa wannan tambaya a muhawarar ajinsu, wanda ya ga mun yi kuskure ya rubuto mana hujjarsa, za mu karanta da murna.

Allah ya kiyashe mu da haɗari, in kuwa ya zo, Allah ya sa akwai mai igiya kusa. Amin.